Hatimi Uku Zuwa Bonabéri

A shekarun da ake kira lakiriz, lokacin da kamfanonin Douala suke ta sallamar ma'aikata, akwai wani mai gyaran agogo a New Bell, sunansa Idi. Teburinsa yana bakin layin da ke gangarawa kasuwa, agogunan mutane jere a ƙarƙashin gilashi, wasu tun masu su suna da aiki suka kawo, ba su sake waiwayarsu ba. A unguwar aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Ya ba shekara hamsin baya, ba shi da yawan magana, kuma in ya ce maka ƙarfe takwas, to takwas ɗin yake nufi. Wannan ya sa 'yan unguwa suke ganin yana da ɗan wuyar sha'ani.

Ƙanwarsa Balkisu tana aure a Bonabéri, ƙetaren gadar kogin Wouri. Da aka sallami mijinta daga masana'anta, sai ta aiko a kai mata keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarsu, ta riƙa ɗinka kayan yara. Idi ya jawo kan keken daga ƙarƙashin gado, ya goge, ya ɗiga masa mai, ya naɗe shi cikin tsohon bargo, ya ce ranar Laraba zai kai.

Ranar Talata bayan la'asar sai ga Muhammad Bashir, ƙanin matarsa Humaira. Shi Bashir yana aiki a wani ɗan ofishi da aka buɗe tun kafin lakiriz, wanda aikinsa wai ya haɗa bas da jirgin ƙasa da tasi, yadda mutum zai sauka daga wannan ya tarar wancan yana jiransa. Da can su tara ne a ofishin. Yanzu saura shi da darakta.

Suka gaisa a tsakar gida, Bashir ya zauna a gefen tabarma yana juya hularsa a hannu.

"Yaya Idi, an ce gobe za ka Bonabéri."

"In Allah ya kai mu."

"Da me za ka?"

"Da abin da na samu."

Bashir ya zaro wata doguwar takarda ruwan ɗorawa daga aljihu, an raba ta gida uku. Ya ce wannan tikitin ofishinsu ne. Da shi mutum zai hau bas daga New Bell zuwa babbar tasha, ya hau jirgin ƙasa zuwa ƙaramar tashar bakin gada, sannan tasi ta ƙetara da shi. A kowane hawa a buga masa hatimi ɗaya. Shekara shida ke nan da buga tikitocin, suna nan cikin kwali, babu wanda ya taɓa amfani da ko ɗaya. Ga shi takarda ta zo daga sama cewa duk ofishin da bai nuna aikinsa ba kafin ƙarshen wata za a rufe shi.

"Guda ɗaya tak muke nema, Yaya. Hatimi uku, a jere, a rana ɗaya, a hannun fasinja na gaskiya. Ni ba a yarda in yi ba, tunda ma'aikaci ne ni."

Idi ya juya takardar gaba da baya. "Bas ɗin yana tafiya?"

"A takarda yana tafiya."

Daga madafi Humaira ta ajiye kwano da ɗan ƙarfi. Idi ya gane saƙon. Bashir yana da 'ya'ya huɗu, ga matarsa da tsohon ciki. Idi ya ninke tikitin ya sa a cikin hularsa.

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yana tsaye a tashar bas ta bakin kasuwa, ƙunshin bargo a gabansa. Allon tashar yana nan, an rubuta bas zai zo bakwai da minti arba'in. A ƙarƙashin rumfar wata mata ta kafa murhu tana gasa agade. Da ta ga yana ta duba agogo, ta tambaye shi abin da yake jira. Ya gaya mata. Ta dube shi da tausayi, ta ce rabonta da ganin bas a nan tun ɗiyarta ba ta fara tafiya ba, ga ta can yanzu tana tsalle da igiya.

Takwas saura kwata wani mai babur ya tsaya a gabansa. Hammadu ke nan, Bafillace daga Garwa, mai furfura a gemu. Da can shi ne mai riƙe makullin wani sito a tashar jiragen ruwa. Da aka sallame su ya sayi tsohon babur ya shiga haya, irin wadda mutanen gari suka sa wa suna bensikin.

"Malam, ina zuwa?"

"Bonabéri."

"Hau. Minti ashirin da biyar."

"Bas nake jira."

Hammadu ya kashe babur. Idi ya cire hula ya nuna masa tikitin, ya yi masa bayani a taƙaice. Hammadu ya karanta duka, har ƙananan rubutun da ke baya, inda ya ga babu ko kalma ɗaya a kan babur.

"To, bas ba zai zo wurinka ba," ya ce. "Amma na san inda yake kwana."

Suka ɗaure keken a bayan babur, Idi ya matse a tsakiya, suka nufi wajen Bépanda, inda tsohon garejin bas yake. Ƙofar a buɗe take. Motoci sun fi talatin a ciki, ciyawa ta kai musu ƙugu. Guda ɗaya ce aka share gefenta, aka wanke gilashinta. Ba ta da taya ko ɗaya, a kan bulo take zaune. A kujerar direba akwai wani dattijo cikin rigar kaki mai guga, Misiye Ndumbe, a bayansa kuma maza kusan goma da ɗamarar wuya da jakunkunan hannu, kowa ya kama kujerarsa.

Hammadu ya raɗa wa Idi cewa waɗannan duk an sallame su daga aiki, ba su gaya wa iyalansu ba. Kullum sai su yi wanka su fito, su zo nan su zauna har rana ta yi tsaka.

Idi ya miƙa tikitin. Misiye Ndumbe ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce da Faransanci, ranar da aka kawo musu samfurin wannan tikiti yana nan, har an raba lemo. Ya buɗe akwatin gaban mota ya fito da hatimi a cikin ƙyalle.

"Sai ka buga mini, Misiye, in wuce."

"Shekara ashirin da biyu ina tuƙi, ban taɓa buga wa wanda bai hau ba. Daga New Bell zuwa babbar tasha minti talatin da biyar ne. Shiga. Za mu tashi ƙarfe tara."

Idi ya waiwayi Hammadu. Hammadu ya jingina babur a gindin mangwaro ya zauna. Idi ya ɗauki keken ya shiga. Wani mai tabarau ya matsa masa, ya ce masa barka da safiya.

Ƙarfe tara daidai Misiye Ndumbe ya ja ƙofa ya rufe, ya duba madubin gefe, ya kama sitiyari. Bayan minti huɗu ya kira sunan tasha ta farko, ya buɗe ƙofa, ya jira, ya rufe. A tasha ta uku wani ya ƙwanƙwasa rufin mota, ya sauka, ya taka 'yan taku ya zauna a kan wani tsohon inji ya buɗe jarida. Babu wanda ya yi dariya. Da farko kunya ta hana Idi ɗaga kai. Can sai ya ji kujerar tana da daɗin zama, iska tana shigowa ta tagar da babu gilashi, mai tabarau yana ba shi labarin yadda ake ajiye takardun inshora don kada ɗanshi ya cinye su. Da direba ya murza sitiyari zai sha kwana, Idi ya tsinci kansa ya dafe keken kada ya zame.

Ya duba agogonsa. "Misiye, mun makara da minti uku."

"Cunkoso ne a mararraba," in ji Misiye Ndumbe, bai waiwayo ba. "Kullum haka wurin yake."

Tara da minti talatin da takwas aka buga wa Idi hatimi na farko, aka rubuta ya iso babbar tasha. Ya sauka a daidai inda ya hau. Kaji biyu suna tono a gindin bulo. Mai tabarau ya ɗaga masa hannu ta taga.

Hammadu ne ya kai shi babbar tashar. A hanya Idi ya ce masa in sun isa ya tafi neman abincinsa, ya riga ya ɓata masa safiya.

"Na bar zancen aiki tun a gareji, Malam. So nake in ga inda abin nan zai tsaya."

Shugaban tasha gajere ne mai jar hula. Ya ce jirgin fasinja da ke zuwa bakin gada an dakatar da shi tun bara. Amma da ya ga hatimin bas a jikin tikitin, sai fuskarsa ta canja. Ya ce ba zai yiwu a ce 'yan bas sun yi nasu, 'yan jirgi sun kasa ba. Ya shiga ofis ya fito da wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya yi funfuna, ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya tsaya a wani shafi.

"Ga shi. Duk abin da ke tafiya a kan layin dogo, jirgi ne."

Ya kai su bayan tasha ya nuna musu kurar masu gyaran layi, katako ne shimfiɗe a kan ƙafafun ƙarfe huɗu.

"Wa ke tura ta?" in ji Idi.

"An sallame su."

"To ni sai in tura. Ba nisa."

"Fasinja ba ya tura jirgi. In ka tura ka zama ma'aikaci, ma'aikaci kuwa ba a buga masa hatimi."

"Kai fa?"

"Ni ke busa usur."

Su biyu suka juya suka dubi Hammadu. Hammadu ya kwance igiyar da aka ɗaure keken da ita, ya ɗaura baki ɗaya a kura, ɗayan a bayan babur.

Haka jirgin ya tashi, sha ɗaya da rabi. Hammadu yana bin 'yar hanyar ƙafa ta gefen layi a hankali, Idi zaune a tsakiyar katako ya tanƙwashe ƙafa, ya rungume bargo, shugaban tasha tsaye a bayansa da tuta a hannu da usur a baki. Tun da jirgi ya daina wucewa 'yan kasuwa suka baje kaya a kan layin, tumatir da busasshen kifi da takalman gwanjo. Da suka ji usur sai suka shiga kwashewa da gudu kamar yadda suka saba a da, sannan suka tsaya da kayansu a hannu suna kallon abin da ke wucewa. Wata tsohuwa mai sayar da barkono ta tambayi shugaban tasha ko gobe ma za a zo, don ta san inda za ta zauna. Ya ce za a sanar.

A inda layin ya ratsa babban titi akwai mai gadin shinge wanda ya shekara bai sauke ƙarfensa ba. Yana jin usur ya fito daga ɗakinsa ba takalmi, ya sauke shinge, ya ƙame. Motoci suka tsaya ta ɓangare biyu, layi ya yi tsawo har ba a ganin ƙarshensa. Kura ta shigo titi tana ƙara a hankali. Idi ya kafa ido a kan bargo. Daga cikin wata motar ɗaukar kaya wani mahauci ɗan unguwarsu ya leƙo.

"Malam Idi, lafiya? Ina za a kai ka?"

"Bonabéri," in ji Idi.

Kafin su kai ƙaramar tashar sai ruwa ya sauko, irin na Douala da ba ya sallama. Idi ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe keken, ya danne hularsa da hannu ɗaya saboda tikitin. Suka iso sharkaf. A ƙarƙashin rumfar kwano shugaban tasha ya goge hannunsa a cikin hula, ya buga hatimi na biyu, ya rubuta lokaci. Ya ba Idi hannu, ya ce yana fata ya ji daɗin tafiya. Sannan ya juya kurar, ya kama turawa shi kaɗai zuwa inda suka fito. Idi ya so ya tambaye shi wa zai busa usur, ya fasa.

Suka yi azahar shi da Hammadu a kan kwali, suka ci burodi da soyayyen wake, suka fita bakin titi neman tasi. A bayan tikitin an ce a nemi mai ɗauke da alamar kibiya uku a gilashi. Tasi ta farko direban ya ɗauka takardar asibiti ce, ya ce Allah ya ba da lafiya. Na biyu ya ja motarsa tun Idi bai gama bayani ba. Sai wani mai faci ya ce su nemi Ɓoɓɓo, shi kaɗai ne bai taɓa canja gilashin motarsa ba tun da ya saye ta.

Suka same shi a bayan gidan mai, yana gyangyaɗi a cikin wata tsohuwar tasi. A kusurwar gilashin ga alamar nan, rana ta cinye kibiya biyu, saura ɗaya. Ɓoɓɓo tsoho ne mai fara'a, kuma abin da ya ba Idi mamaki, motarsa tana da taya huɗu da inji, yana murza makulli ta tashi.

"Na tuna," in ji Ɓoɓɓo. "An tara mu an ba mu hatimi. Yana gida."

"Ina ne gidan?"

"New Bell. Bayan masallacin layin mahauta."

Idi ya san layin sarai. Tsakanin wurin da teburinsa bai fi gida biyar ba.

Ya ce ko za a fara ƙetarawa, ga gada nan ana hangenta, a buga hatimin daga baya. Ɓoɓɓo ya ce shi ba ya ƙi, amma in ya sauke shi a Bonabéri ba hatimi, ai tafiya ta ƙare, me kuma za a buga wa? Idi ya auna maganar ya ga babu inda ta karkace. Ya shiga ya ɗora keken a cinya.

Suka koma New Bell, Hammadu yana biye. Da za su wuce teburinsa Idi ya hango wani yana tsaye da agogon bango a hammata yana jiransa, sai ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. A ƙofar gidan Ɓoɓɓo aka ɗan daɗe, domin matarsa tana haɗa sabulun wanki tana sayarwa, kuma da hatimin take buga wa kowane sabulu alama tun yana da taushi. Masu saye sun saba, in babu alamar ba sa ɗauka. Ta ce sai ta gama na yau, saura ashirin da wani abu. Suka jira. Da ta gama ta wanke shi ta miƙo, da sharaɗin a dawo mata da shi kafin gari ya waye. Babu tawada, sai ta haɗa musu da ɗan shuɗin wanki a murfin kwalba.

Tasi ba ta ƙetara gada da mutum ɗaya. Ɓoɓɓo ya yi ta ɗiba a hanya har suka zama bakwai, wata mata ta ɗora kwandon ƙaguwa a kan keken, ƙaguwoyin suna ta motsi kusa da gemun Idi. A tsakiyar gada ya leƙa ya ga ruwan Wouri ya cika ya yi jajir saboda ruwan sama, masu kwale-kwale suna ɗibar yashi. Tun da gari ya waye sai yanzu ya ji yana tafiya.

Biyar da kwata suka tsaya a ƙofar gidan Balkisu. Ɓoɓɓo ya dangwala hatimi a shuɗi ya buga a kan bonet, a hankali, yana cije leɓe. Ya fito tsaf, yana ƙamshin sabulu.

Balkisu ta fito tana gyara mayafi. "Yaya, ina ka shiga? Da na ga har goma ba ka zo ba, sai na hau bensikin na je New Bell. Humaira ta ce tun bakwai ka fita. Na zauna muka ci abinci, na dawo, har na yi wanki."

"Hanya ce," in ji Idi.

A cikin ɗaki ya tarar da Muhammad Bashir, wanda tun azahar yake zaune yana jira. Idi ya cire hula ya miƙa masa tikitin, ya ɗan jiƙe a gefe. Bashir ya duba hatimi uku ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya sake dubawa, idonsa ya ciko. Sannan ya ce, "Yaya, komai ya haɗu daidai?"

"Duk inda na sauka, akwai wanda ke jirana," in ji Idi. Ya nuna Hammadu, wanda ya riga ya wanke hannu ya zauna gaban kwanon da Balkisu ta ajiye. Bashir ya gaishe shi da girmamawa, amma ya ce ba zai iya sa shi a rahoto ba, don babu gurbin babur a takardar. Hammadu ya ce ba komai, a miƙo masa yaji.

Keken ya yi aiki. Kafin sallah Balkisu ta ɗauki mata biyu suna taya ta, mijinta yana kai kayan kasuwa. Ofishin su Bashir ma ba a rufe shi ba. Bayan wata huɗu amsa ta zo daga sama, an yaba musu, an ce su kaɗai ne duk fasinjan da suka ɗauka ya isa inda za shi. Aka kuma umarce su su faɗaɗa aikin.

Wata safiya Bashir ya zo wurin teburin Idi, ya yi ƙiba kaɗan, an yi wa jaririnsa suna. Ya tsaya yana kallon Idi yana ɗaura wa wani agogo ƙaramin sukuru da hantsaki. Da ya ga ya gama sai ya zaro wata takarda, wannan karon koriya, mai gida huɗu.

"An ƙara kwale-kwale, Yaya."

Idi ya cire gilashin da ke idonsa. "Yana cikin ruwa?"

Bashir ya dubi takardar. "Ana kan sassaƙa shi."

Idi ya jawo masa benci da ƙafa, ya aika a kawo musu shayi daga wurin Salmanu mai tebur. Ya ce ya zauna tukuna, akwai agogo uku a gabansa da ya yi alkawarin gamawa kafin azahar.